Rigar da Alhaji Halliru Ya Zaɓa da Kansa

Alhaji Halliru na unguwar Dogo Nini a Potiskum ya yi wa mijin 'yarsa ƙazafi, ya raba yarinya da ɗakinta, kuma ya yi hakan yana sane da cewa ƙarya yake shirgawa. Masu cewa rashin sani ne ya ja shi suna rufa masa asiri ne kawai, bai kuwa cancanci rufin ba.

Mutum ne da ba a gama gaisawa da shi sai ya sako maganar jini. Gidansu ke riƙe da sarautar Tudun Maina, wani ƙauye a bayan Potiskum wanda in atishawa ta kama ka a mota za ka wuce shi ba ka sani ba. A bakin Halliru kuwa daula ce guda. Uwarsa 'yar gidan ce, ubansa ɗan gidan ne, haka kakanni, don su ba sa kai aure waje sai in ya zama dole. Kawunsa Kyari, wan mahaifiyarsa, shi ne dagaci, ya tsufa ya dawo cikin gari da zama. Kujerar Ciroman Tudun Maina babu kowa a kanta, Halliru kuwa ya daɗe yana auna ta da ido.

Matarsa Hajiya Hanatu ba 'yar gidan ba ce. 'Yar unguwar Hausari ce, iyayenta Kanawa masu sayar da yadi, ta iya rarrabe launuka tun kafin ta iya ɗaurin zane. Ranar da ta tare, uwar mijinta, marigayiya Hajaratu, ta ja ta ɗaki ta ce:

"'Yar nan, gidan nan akwai al'ada. Namijin gidan sarauta ba ya zaɓar tufafinsa, ba ya sayen yadi, ba ya taya kayan miya. Ke za ki fitar masa da riga da hula kowace safiya ki ɗora a kan gado. Ƙasƙanci ne ɗan sarauta ya tsuguna yana lalube a akwati."

Hanatu ta ce to, ta ɗauka izza ce irin tasu. Ba a je ko'ina ba ta gane ba izza ba ce. Ango ya tsinko ɗanyen tumatir a bayan gida, kore shar, ya miƙo mata ya ce ta yi sauri ta yi miya da shi kafin ya ruɓe. Ta lura kuma ba ya taɓa kiran sunan launi sai wani ya riga shi kira, sannan ya gyaɗa kai kamar dama abin da zai faɗa ke nan. Da ta kai maganar gun Hajaratu, tsohuwa ko girgiza ba ta yi ba.

"To kin ga abin da ya sa na nemo 'yar masu yadi," in ji ta. "Ja da kore duk ɗaya ne a wurinsu. Kyari haka yake, kawunnanmu haka suke. Rufe bakinki ki fitar da riga."

Hanatu ta rufe baki, ta yi ta fitar da riga har furfura ta fito mata. Halliru ya yi suna a unguwa wajen iya sa kaya, yana kuma karɓar yabon da hannu biyu.

'Yarsu Radiyya ta auri Bakari, dillalin shanu, mutum mai jiki da sanyin hali. Halliru bai so auren ba, don a cewarsa an yi ƙasa da jini, amma ragon da Bakari ke aikowa duk Sallah bai taɓa mayar da shi ba. Sun haifi ɗa namiji, Amir, har ya shiga firamare.

Wata ranar Asabar Radiyya ta zo gaida iyayenta, tana riƙe da hannun Amir da wata takarda. An ce 'yan aji su shafa wa tutar Najeriya kala, shi kuma ya zauna ya shafa ja da fari da ja, tsaf, ko layi bai tsallake ba. Ta miƙa wa ubanta. Hanatu na gefe tana tsintar shinkafa, ta ga abin da ya faru a fuskar mijinta. Ya kalli tutar, murmushi ya taso masa, ya buɗe baki zai ce madalla. Sai Radiyya ta riga shi.

"Baba, ka ga fa ja ya shafa. Malamarsu ta ce wace ƙasa ce wannan."

Bakin Halliru ya tsaya a buɗe. Ya sake kallon takardar, ya kalli matarsa ta wutsiyar ido, ya mayar da bakin ya rufe.

"Mun kai shi wurin likitan ido," in ji Radiyya. "Ya ce idonsa lafiya lau, ja da kore ne kawai ba ya rabawa. Ba ya ƙaruwa, ba shi da magani. Wai gado ne."

"Gado?" in ji Halliru. "Gadon ina?"

"Ya ce ta wajen uwa yake bi. Mace ta ɗauko daga iyayenta ba ta sani ba, ita tana gani garau, sai ya fito a jikin ɗanta namiji. Uba ba ya ba ɗansa namiji, sai dai ya ba 'yarsa ta riƙe wa jikoki."

Duk mai hankali a nan zai yi shiru. Amma Halliru Ciroma ya hango, ya ga in maganar nan ta fita a matsayin gadon gidansu, bakinsa ya mutu a kan jini. Sai ya zaɓi ya riga kowa ɗora wa wani.

"Likita ya san asalin mutane ne?" Ya miƙe tsaye. "Ga wanki Hussaini, ɗana na cikina, akwai kalar da ba ya gani? To daga ina tawaya za ta shigo in ba daga gidan masu bin saniya ba? Na faɗa tun farko! Ba za ki koma ba. Ba zan zauna mutum ya cika min zuri'a da masu lalata tutar ƙasa ba."

Radiyya ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Da magariba ta yi aka hana ta fita, ta daina dariya.

Washegari Bakari ya zo biko. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure, Hanatu na jin su daga tsakar gida.

"Baba, a yi haƙuri. Ni da launi nake cin abinci. In ban raba jar saniya da baƙa ba, da tuni an kore ni daga kara."

"Saniya daban, tuta daban."

"To a gwada ni da tutar, Baba."

"Ni za ka ba umarni a zaurena? Ka rubuta mata takarda kawai."

"Wannan kam ba zan iya ba," in ji Bakari a hankali. "Matata ce, ba ta yi min komai ba."

Da abin ya ƙi ƙarewa, aka ce a kai gaban Kawu Kyari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dangi duka su hallara. Halliru ya ji daɗin haka. Dama yana neman taron da zai yi jawabi a kan tsarkin jini, dattawa su ga wanda ya dace da Ciroma. Kafin ranar ya bi majalisu yana faɗa wa duk mai kunne cewa dangin Bakari makafin launi ne kaf, har shanunsu.

A cikin gida kuwa Radiyya ta daina cin abincin kirki. Abin da ya fi ci wa Hanatu rai shi ne Amir. Yaron ya tattara fensiran kalarsa ya zuba a kwandon shara, ya zo ya tambaye ta ko in ya sake yin tutar daidai za a bar su su koma gida.

Da safe Halliru ya fito wanka ya tarar da gado babu riga babu hula.

"Hajiya, ina kayana?"

"Suna cikin durowa, Alhaji. Ga ta nan a buɗe."

"Kin manta al'adar gidan nan ne?"

"Ban manta ba. Na san ma abin da ya kawo ta." Ta ɗauko huluna biyu ta ɗaga masa. "Wacce ce ja?"

"Ni sa'an wasanki ne?"

"Na ga fuskarka ranar da ka karɓi tutar nan. Madalla za ka ce. Ka bar yarinya ta koma ɗakinta, ni kuma in ci gaba da fitar da riga har mutuwa ta raba mu, babu mai ji a bakina."

"Idona ya fi naki," in ji Halliru. "Ki riƙe hulunanki."

Ya zura farar jallabiya, ita ya yi ta sawa har ta fara canza kala da kanta. Amma ba a zuwa neman Ciroma da jallabiya, durowar kuma tsoronta yake ji. Sai ya yi abin da babu namijin gidansu da ya taɓa yi. Ya tafi kasuwa sayen yadi.

Hanatu ba ta ga wannan ba, daga baya matar telan da ya kai wa ɗinkin ta ba ta labari. Wai ya shiga shago ya nuna wani yadi mai duhu, ya ce irin wannan ruwan ƙasa manya ke sawa. Mai shago ya ɗaga kai zai yi magana, ya tuna ciniki ne, ya auna. Yadin bai kai babbar riga ba. Halliru ya duba kanta ya jawo wani bandir ya ce ga irinsa sak, a cika.

"Alhaji, wannan da wannan?" in ji mai shago.

"Kai za ka koya wa ɗan sarauta yadi? Yanka."

Aka yanka, ja da kore. Tela kuma da ya ga ja da kore a hannun mutumin da kullum zancensa sarauta, bai ga abin tambaya ba. Ya ɗauka Alhaji ya samu ci gaba har zai ajiye dogari. Ya so ya ji ko wane ne mai rabon, Halliru ya ce ba surutu ya kawo shi ba, a auna jikinsa a ɗinka. Tela ya auna, ya ce a ransa ashe dogarin ma ƙato ne. Ya tsaga yadin fage-fage, ya jera ja kusa da kore kamar yadda ake yi, ya bar ragowar jan don rawani.

Ranar Juma'a Halliru ya je masallaci da jallabiyarsa, ya dawo ya shige ɗaki ya kulle. Da ya fito, faranti ya kusa suɓuce wa Hanatu. Riga ja da kore har ƙasa, jan rawani an naɗa shi ya yi tsini, ga sanda a hannu. Bulala kawai ta rage.

Dariya ta taso mata, tausayi ya danne ta. Mijinta ne, uban 'ya'yanta, kuma in ya fita haka ba shi kaɗai za a nuna ba. Ta tare ƙofa.

"Alhaji, don Allah tsaya. Farar shaddarka na nan a goge. Ka ce Radiyya ta koma, in ɗauko maka yanzu."

"Baƙin ciki kike don na iya zaɓe ba ke."

"Rigar nan ba ta taro ba ce. Na faɗa maka."

"Kauce min, 'yar masu yadi."

Ta waiwaya ta ga Radiyya a bakin ɗaki, ido a kumbure, Amir na maƙale da zanenta. Ta kauce.

Ya tare keke napep shi kaɗai, su kuma suka bi shi a wani. Tun daga Dogo Nini Hanatu ke kallon abin da take gudu. Masu shayi suna miƙewa, 'yan acaɓa suna waiwaye, wani direban tirela ya danna masa hon ya ɗaga hannu. Halliru ya ɗauka gari ne ya fara gane Ciromansa, ya leƙo da rawani waje yana jinjina wa jama'a.

A ƙofar gidan Kawu Kyari akwai dogari guda ɗaya tak, tsoho Ari, wanda gwiwa ta dame shi har a kan benci yake tsaron ƙofa. Yana hango mai saukowa daga keke ya washe baki.

"Alhamdu lillahi! An kawo min mataimaki! Sannu da zuwa, abokin aiki, yau zan miƙe ƙafa." Sai ya ga fuskar da ke ƙarƙashin rawanin. "La ilaha illallahu. Alhaji Halliru?"

"Tsufa ya taɓa ka," in ji Halliru, ya shige.

Maza sun cika rumfa a kan darduma, mata na daga ƙofar cikin gida, Bakari na can gefe a takure. Halliru ya yi sallama da muryar jawabi. Kowa ya zuba masa ido. Sai wata gwaggo ta saki wata irin ƙara ta toshe baki da mayafi, daga nan rumfa ta rushe. Hussaini, ɗansa na cikinsa, ya kifa kai a gwiwa yana dukan darduma. Bakari ya kafe ido a ƙasa saboda kunyar suruki, amma kafaɗunsa sai rawa suke.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Kusan rabin mazan gidan suna zaune suna kallon juna, suna neman abin da ya faru. Kawu Kyari ya gyara tabarau ya duba ɗan ƙanwarsa daga sama har ƙasa.

"Halliru, riga ta yi. Ruwan ƙasa, kalar manya. Me ake wa dariya?"

Dariyar ta ninka. Wani dattijo, Almustapha, ɗan wata gwaggon Halliru, ya fusata ya ce shi ma bai ga komai ba, yaran zamani ba su da tarbiyya. Ana cikin haka Amir ya zame daga hannun uwarsa ya ruga ya kama gefen rigar.

"Kaka, rigarka irin tutata ce! Kai ma za a hana ka komawa gida?"

Kawu Kyari tsoho ne amma ba wawa ba ne. Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya sa aka kira Ari ya tsaya kusa da Halliru, sannan ya leƙa wajen mata.

"Ina Hanatu? Ke 'yar masu yadi ce. Faɗa min abin da ke jikin mijinki."

Hanatu ta durƙusa. Ta tuna sirrin da Hajaratu ta ba ta, amma ta riga ta zaɓa tun a ƙofar gida.

"Ranka ya daɗe, ja da kore ne, fage-fage. Irin ta Ari ce sak, sai dai tasa sabuwa ce."

Kyari ya juya ya daɗe yana kallon dogarinsa.

"Ari, rigarka kala biyu ce?"

"Tun ranar da ka ɗauke ni, ranka ya daɗe."

"Kuma ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Na ɗauka da ido ake gani, ranka ya daɗe."

Sai da aka sake tsawatarwa kafin rumfa ta natsu. Kyari ya sa Radiyya ta maimaita abin da likita ya ce, ta maimaita. Ya bi waɗanda ba su yi dariya ba da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda uwarsa ba 'yar gidan ba ce. Ya kalli Hussaini, ɗan Hanatu, yana share hawayen dariya da hula. Babu sauran abin da za a bayyana wa kowa.

"Halliru," in ji shi. "Ranar da aka miƙa maka tutar yaron nan, me ka gani?"

Halliru ya ce ai maganar jini magana ce mai faɗi.

"Ban tambaye ka faɗinta ba. Me ka gani?"

"Tuta na gani, Kawu."

"Daidai ko ba daidai ba?"

Rawani ya sunkuya. "Daidai."

"To ka sani ke nan." Muryar tsohon ta canza, babu sauran wasa a cikinta. "Rashin ganin ja da kore ba laifi ba ne, Allah ne ya yi mu haka, ga ni ga Almustapha ga wannan yaro. Matan gidan nan sun rufe mu tun kakanni, ko mu ba mu san iyakar abin ba. Kai kuma ka ɗauki naka ka rataya wa bawan Allah, ka bi majalisu da shi, ka kashe wa 'yarka aure don kujera. Ga shi ka tara mu ka tuɓe mu a gaban surukai."

Ya yanke hukunci a wurin. Bakari ya tafi da matarsa da ɗansa kafin la'asar, bayan Halliru ya ba shi haƙuri a gaban kowa, da rawanin a kansa. A hanya Bakari ya tsaya ya saya wa Amir sababbin fensiran kala, Radiyya ta rubuta sunan kowanne a jikinsa. Hanatu ta koma fitar da riga kowace safiya, ba ta sake ta da maganar ba.

Ciroma kuwa Almustapha aka naɗa. Kawu Kyari ya ce tunda gwiwar Ari ta gaza kuma an riga an ɗinka riga, ba za a yi asarar yadi ba. Duk taron gidan, suna ko ɗaurin aure, Halliru ne ke sa ta ya tsaya a bakin ƙofa yana jera takalman baƙi. Daga Dogo Nini har Hausari babu mai kiransa Alhaji Halliru yanzu, Dogari ake ce masa, kuma yana amsawa.